Daga Zango zuwa Tsauni da Bakin Teku: Yadda Ake Shirya Fita daga Accra

Mutumin da ke zaune a Nima, Mamobi, Sabon Zango, Fadama ko Madina, Allah Ya ajiye shi a wuri mai albarka. Teku na kudu da shi, tsaunukan Akuapem na arewa, kogin Volta na gabas, dajin Kakum na yamma, kuma duk cikinsu babu inda ba za a je a dawo a kwana a gida ba. Duk da haka yaranmu da yawa suna girma ba su san komai a wajen unguwa ba sai bakin ruwan Labadi ranar yawon salla, ranar da cunkoso ya fi yawa, haɗari ma ya fi yawa. Wannan abu yana damuna ƙwarai, shi ya sa na tsara yadda ake fita a ga ƙasa cikin natsuwa, da iyali, ko da abokan majalisa, ko da ɗaliban Islamiyya.

Abin da nake so a riƙe tun daga nan shi ne, fitar yini guda agogo da yanayi ne ke jan ragamarta. A nan rana tana fitowa wajen ƙarfe 6, ta faɗi wajen ƙarfe 6, rani da damina, bambancin na 'yan mintoci ne. Sa'o'i 12 ke hannunka. Hanya za ta ci rabonta, salla da abinci su ci nasu, abin da ya saura shi ne yawon.

Mataki na farko: dubi wata, sannan ka dubi rana

Accra damina biyu gare ta. Babbar tana kamawa daga Afrilu zuwa tsakiyar Yuli, kuma a Yuni ruwa ya fi ƙarfi, lokacin da kogin Odaw ke cika har ta tumbatsa a Circle da Alajo. Ƙaramar tana zuwa daga Satumba zuwa Nuwamba. Tsakaninsu akwai Agusta, wata mai sanyi da lumshi, ruwa ya ɗan ɗauke amma ganye bai bushe ba. A ganina babu watan da ya kai shi daɗin tafiyar ƙafa. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa hunturu ne. Hanyoyi a bushe suke, sai dai hazo yana rufe nesa, ka sha wahalar hawan tsauni ka leƙa ƙasa ba ka ga komai ba sai fari fat.

Saboda haka kowane wuri da watansa. Mai son ganin ruwa yana zubowa daga kan dutse a Boti ya je tsakanin Yuni da Agusta. Wanda ya je a Fabrairu zai sauka matakala 250 ya tarar da dutse yana ɗigo. Mai son namun daji a Shai rani ya fi masa, domin ciyawa ta kwanta, dabba ba ta da maɓoya. Kunkurun teku kuma daga wajen Oktoba zuwa Fabrairu suke fitowa gaɓar Ada su haƙa rami su yi ƙwai, da dare suke yi, don haka wannan tafiyar ta kwana ce, kuma da rakiyar ma'aikatan kula da namun daji ake yin ta.

Ranar mako ma abin dubawa ce. Asabar ranar jana'iza ce a garuruwan Akuapem da na Fante, ana kafa rumfuna, wani lokaci har a tare rabin titi. Lahadi da safe hanya fayau take saboda maƙwabtanmu Kirista suna coci, amma da yamma kowa ya juyo Accra, hanyar Kasoa ta cushe. Talata masunta ba sa shiga teku, tsohuwar al'ada ce ta Ga da Fante, don haka kada ka sa ran sayen ɗanyen kifi daga kwalekwale a ranar, ko da yake ita ce ranar da za ka ga jiragen a jere a gaɓa, masu su na zaune suna gyaran raga. Idan Juma'a ce kaɗai ta samu, zaɓi gari mai Zango, irin su Koforidua ko Cape Coast, ka gina tafiyar a kan lokacin huɗuba. Ranakun hutu kuwa, 6 ga Maris, Ista, 26 ga Disamba da ranakun salla, a bar bakin teku, a nufi tsauni.

Mataki na biyu: ƙirga masu tafiya kafin ka zaɓi wuri

Tafiyar da ta dace da samari ba ita ta dace da Hajiya mai ciwon gwiwa ba. A fara sanin su wa za su je, a auna da mafi rauni a cikinsu.

Idan akwai dattawa da ƙananan yara, Aburi za a nufa. Ba ta kai kilomita 40 daga tsakiyar Accra ba, kuma trotro, wato ƙaramar bas ta haya, na tashi daga Madina duk yini. Da zarar mota ta wuce Ayi Mensah ta fara hawa, za ka ji iska ta sauya, Accra ta baje a ƙasa. Lambun itatuwa na Aburi an buɗe shi ne a 1890, yana kan tudu mai tsawon kimanin mita 400, shi ya sa Turawan mulkin mallaka suke zuwa can shan iska idan zafin gaɓa ya dame su. Ana shiga ta tsakanin dogayen itatuwa dangin kwakwa da aka jera layi biyu, a ciki kuma akwai wani tsohon rimi da ya girmi lambun kansa. Ku nemi mai rakiya ya kai ku ɓangaren kayan ƙamshi. Yaron da ya saba ganin kirfa a kwalbar kicin, ranar zai san ɓawon itace ce. Wuri ne shimfiɗaɗɗe mai inuwa, ana baza tabarma a ci abinci. In lokaci ya rage, Mampong na gaba kaɗan, inda gonar Tetteh Quarshie take, mutumin da ya shigo da irin itacen koko daga tsibirin Fernando Po a 1879, itacen da ƙasar nan ta daɗe tana dogaro da shi.

Idan matasa ne masu ƙarfin ƙafa, gandun dajin Shai. Yana kan hanyar Tema zuwa Akosombo, wajen kilomita 50 daga Accra, faɗinsa murabba'in kilomita 51. Daga Ashaiman ka hau motar Akosombo ko Kpong ka ce a sauke ka a ƙofar gandun. Wanda ya san Arewa zai ji kamar ya koma gida, domin fili ne na ciyawa da kukoki da duwatsu. Akwai gwaggon birai tun daga bakin ƙofa, akwai mariya, 'yar'uwar barewa, akwai jimina da jakunan dawa da aka kawo aka killace, akwai kogo cike da jemagu. A kan duwatsun nan mutanen Shai suka zauna har 1892 da Ingilishi suka kore su zuwa ƙasa, kuma mai rakiya zai nuna maka kogunan da suka fake da duwatsun niƙansu. Ba a shiga sai da ma'aikacin gandun. Ka isa da ƙarfe 6:30 ko 7, domin kafin 10 rana ta buɗe, dabbobi sun shige inuwa. Game da biran nan, kada a riƙe leda a hannu, kada a ba su abinci, kada yaro ya tsaya shi kaɗai da burodi. Sun saba da mutane, ba sa tsoro, kuma haƙoransu ba na wasa ba ne.

Boti tana bayan Koforidua, ruwa biyu ne ke zubowa kafaɗa da kafaɗa, mutanen wurin na kiran ɗaya namiji ɗaya mace. Daga nan ana takawa cikin daji zuwa dutsen da ya yi kama da lema da kwakwar manja mai kai uku. Wannan tafiyar akwai hawa da santsi, ba ta silifa ba ce. Wanda ya je ranar Alhamis ya biya kasuwar duwatsun ado ta Koforidua.

Akosombo kuma wajen kilomita 100 ce. A Atimpoku za ka ga gadar Adomi da aka buɗe a 1957, ga mata masu tallan abolo da ƙananan kifi soyayyu da jatan lande. Madatsar ruwan Akosombo an kammala ta a 1965, ita ta haifar da tafkin Volta mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,500. Ziyarar madatsar ta hannun VRA, hukumar da ke kula da ita, ake shirya ta, ba a kutsawa haka kawai. Ga malamin da ke son ɗalibansa su san daga ina wutar lantarki take zuwa, wannan aji ne guda.

Ada Foah ita ce inda Volta ke ƙare tafiyarsa ya faɗa teku. Daga Tudu ko Tema ka hau motar Ada, in ba ta kai can ciki ba ka sauka a Kasseh ka canza. Ana ɗaukar kwalekwale a zagaya tsibirai, a sauka a wani zirin yashi da kogi ke gefe guda teku ke ɗaya gefen. A yamma da garin akwai tafkin Songor, inda aka daɗe ana ɗiban gishiri, tsuntsaye masu ƙaura daga Turai kuma suna sauka.

Cape Coast da Kakum su ne iyakar abin da yini guda zai ɗauka, kilomita kusan 150, kuma nan ne aka fi yin kuskuren lissafi. Ga yadda nake ba da shawara. A yi sallar asuba a kan lokaci, mota ta tashi kafin 5:30, domin a wuce Mallam da Kasoa kafin gari ya waye sosai. A zarce Kakum kai tsaye, kilomita 30 arewa da Cape Coast, ta hanyar Jukwa zuwa Abrafo. Gadar igiyar da ake takawa a saman itatuwan dajin, wadda aka buɗe a 1995, kashi 7 ce, tsawonta ya haura mita 300, a wasu wurare tana sama da ƙasa da kusan mita 40. Kafin a kai gare ta akwai hawan tudu na kusan minti 20, mai hawan jini ko asma ya tafi a hankali. A kan gadar a bar tazara, kada samari su yi tsalle ko su girgiza ta don tsokanar 'yan mata. Wanda kansa ke juyawa ya dubi bayan na gabansa, kada ya dubi ƙasa. Akwai giwayen kurmi a dajin, amma da wuya a gan su, kada a yi wa yara alkawarinsu.

Daga nan a gangaro Cape Coast, a yi azahar a Zango kusa da kasuwar Kotokuraba, a ci abinci, sannan a shiga gidan bayi guda ɗaya tak. Ko na Cape Coast, garin da ya kasance hedikwatar mulkin Ingilishi har 1877 da aka mayar Accra, ko na Elmina da Turawan Fotugal suka gina a 1482. Kada a ce sai an ga duka biyun. Wuri ne da ke bukatar a tsaya a saurara. Da yawa daga cikin waɗanda aka tsare a ɗakunan nan masu duhu daga Arewa aka gangaro da su, ta kasuwar Salaga, aka yi musu wankan ƙarshe a rafin Assin Manso kafin a kai su gaɓa. Tarihin nan ya shafe mu kai tsaye, a gaya wa yara tun a mota cewa ba wurin dariya da ɗaukar hoton wasa ba ne. Ƙarfe 3 a kama hanyar gida, a tsaya a Yamoransa a sayi dokunun Fante na tsaraba.

Mataki na uku: mota

Mutum biyu ko uku trotro ya ishe su. Kaneshie ce tashar yamma, Madina ta tsauni, Tudu da Ashaiman na gabas. Matsalar trotro ɗaya ce, ba ya tashi sai ya cika, kuma na dawowa yana ƙaranci bayan la'asar a ƙananan garuruwa. Da ka sauka, tambayi yaron mota ƙarfe nawa motar ƙarshe ke tashi, kuma daga ina.

Idan an kai 10, shatar mota ta fi sauƙi da araha. A zauna da direba kwana biyu kafin tafiya a yanke magana: kuɗin ya haɗa da mai? Ya haɗa da jira? Wa zai biya kuɗin ajiye mota? Ƙarfe nawa za a juyo? A ba shi kafin alƙalami ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, don ya zama akwai shaida, a riƙe saura sai an dawo. Wani babba ya je ya duba motar da idonsa, tayoyi, fitilu, safaya, da takardun inshora da na lafiyar mota da ke manne a gilashi. A tabbatar direban ya yi barci a daren. In ya fara gudu ko yana wuce motoci a kwana, a yi masa magana nan take, da ladabi: «Malam direba, don Allah a sassauta, da yara muke tafe.» Jin nauyi ba shi da wuri a nan.

Ga masu tafiya da ɗalibai, a rubuta sunan kowane yaro da lambar mahaifinsa a takarda, a raba su biyar-biyar kowane rukuni da babba guda, a ƙirga kai duk lokacin da za a hau mota, ba sau ɗaya da safe kawai ba.

Mataki na huɗu: jaka, ciki da salla

Jakar ba ta son nauyi. Takalmi rufaffe mai kama ƙasa, hula ko lema, ruwan sha aƙalla lita 2 ga kowane babba, maganin sauro na shafawa, gishirin ORS mai mayar da ruwan jiki, filasta, tocila, da leda babba ta kwashe shara. Tsabar kuɗi ƙanana a aljihu, domin akwai wuraren da waya ba ta kamawa. A ɗauki Ghana Card, ɗalibai kuma katin makaranta, saboda kuɗin shiga na ɗan ƙasa daban yake da na baƙo, na ɗalibi kuma ya fi sauƙi.

Abinci daga gida ya fi kwanciyar hankali. Wake da shinkafa da shito da dafaffen ƙwai yana jure yini, haka dokunu da soyayyen kifi, haka ƙosai da burodi. Abin da aka dama da nono, fura ko burkina, a shanye shi da safe in babu ƙanƙara. Idan za a saya a hanya, kifi ne mafita. A gidajen abinci na bakin hanya ana dafa naman daji, wasu kuma da alade, don haka a tambaya kafin a zuba miya, tambayar ba ta ɓata wa kowa rai.

Buta da dadduma kada su bar mota. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi. Alƙibla daga Accra gabas ce mai karkata arewa, kuma gaɓar nan tamu kusan haka ta miƙe, saboda haka idan kana bakin ruwan Accra ka sa teku a hannun damanka ka fuskanci wajen Tema, ka yi kusa da daidai. Manhajar waya sai ta ƙarasa gyarawa. Game da ƙasaru, a mazhabar Imamu Malik da akasarinmu ke bi, tafiyar burudi 4 ce, mil 48, wajen kilomita 80. Aburi da Shai ba su kai ba. Ada, Akosombo da Cape Coast sun wuce. Koforidua tana daidai kan iyakar wannan nisan, gara a tambayi malam kafin a tashi.

Mataki na biyar: ruwa

A nan zan daɗe, domin nan ne ake rasa rayuka, kuma sau da yawa 'ya'yan Zango ne, a ranakun farin ciki.

Igiyar teku tana turo ruwa zuwa gaɓa ba tsayawa. Ruwan nan dole ya koma, sai ya tattaru ya sami wata 'yar hanya tsakanin tudun yashin da ke ƙarƙashi ya koma ciki da gudu, gudun da ya fi ƙarfin gwanin iyo. Abin takaicin shi ne wurin ya fi ko'ina kama da wurin lafiya: igiya ba ta fashewa a nan, ruwan ya yi lumui, launinsa ya ɗan yi duhu ko ya gauraye da yashi, in ka lura za ka ga kumfa da shara suna tafiya ciki maimakon su zo gaɓa. Wanda bai sani ba nan zai zaɓa wa yaransa.

Don haka da an isa, a gaishe da masunta ko masu tsaron wurin a tambaye su ina ake shiga, ina ba a shiga. Su suka san ruwansu. Wanda bai iya iyo ba kada ruwa ya wuce masa gwiwa. Jallabiya, zani da dogon hijabi idan suka sha ruwa nauyi suke yi su naɗe ƙafa, 'yan'uwa mata su tsaya iya idon sawu, su riƙe hannun yara. Kada a juya wa teku baya don ɗaukar hoto a kan duwatsu. Babba guda ya zauna a gaɓa ba ya komai sai kallon yara, wayarsa a aljihu, in ya gaji wani ya karɓe shi.

Wanda ruwan ya ja kada ya yi kokawa da shi yana neman komawa gaɓa kai tsaye, gajiya ce ke kashewa. Ya kwanta rigingine ya yi numfashi, ya ɗaga hannu, in ya iya iyo ya yi gefe, daidai da layin gaɓa, har ya fita daga hanyar ruwan, sannan ya juyo. Na kan tudu kuma kada su faɗa hannu rabbana, sau da yawa mai ceto ne ke bin wanda ya je ceta. A jefa abin da ke iyo, galan mai murfi, kular abinci, ko igiya, a yi kururuwa a kira masunta, a buga 112.

Ruwan daɗi ma da nasa. A Ada ɓangaren kogi a natse yake, amma daidai bakin da ya haɗu da teku wuri ne mai juyi, ba na wanka ba. A tafkin Volta akwai kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun lokacin da aka yi madatsa, jirgi na iya karo da su. Kada ka hau kwalekwalen da ba shi da rigar kariya ta kowa da kowa, kuma sawa ake yi a ɗaure, ba a zauna a kanta. In ka ga an yi lodi fiye da kima, sauka ka jira na gaba. Sannan akwai tsargiya a ruwan da ke kwance mai ciyayi da dodon koɗi, ta fata take shiga. Yaron da ya yi wanka a irin wurin, in bayan makonni aka ga jini a fitsarinsa, a kai shi asibiti a faɗi inda ya je, maganinta sananne ne.

Mataki na shida: ga mai halin hawa ƙaramin jirgi

Akwai wuraren da mota za ta cinye hutun gaba ɗaya. Kamfanonin Africa World Airlines da PassionAir suna tashi daga Terminal 2 na filin jirgin saman Accra, na farko da jirage masu kujeru 50, na biyu da masu farfela. Takoradi da Kumasi ba su kai sa'a guda a sama ba, Tamale kuwa wajen sa'a ɗaya ce, alhali a mota yini ne cur.

Ga mai son teku, Takoradi ce ƙofar. Gaɓar yamma ta fi ta Accra tsabta da shiru nesa ba kusa ba. Kwana biyu sun isa. Ranar farko a ɗauki mota zuwa Busua da Dixcove, mai ƙarfin hali ya ƙarasa Cape Three Points, ƙarshen ƙasar Ghana ta kudu, inda hasumiyar fitilar jiragen ruwa take. Hanyar can ba ta da daɗi da damina. Rana ta biyu a yi sammako zuwa Beyin, wajen kilomita 90 daga Takoradi, daga nan kwalekwale ya ratsa fadama kusan sa'a guda zuwa Nzulezu, ƙauyen da aka gina kacokan a kan turaku cikin tafki. Alhamis rana ce da mutanen garin ke girmama tafkin, a zaɓi wata rana. A kuma tuna gidajen mutane ne, a yi sallama, a nemi izini kafin a ɗauki hoton kowa. Mai sauka Kumasi yana da tafkin Bosomtwe, kilomita 30 daga gari, ramin da wani dutse ya faɗo daga sama ya haƙa shekaru kusan miliyan ɗaya da suka wuce. Mai sauka Tamale kuma hanyar Mole ce a gabansa, inda ake ganin giwa a ƙafa tare da mai rakiya, da tsohon masallacin Larabanga a bakin hanya.

Sayen tikitin a yi shi da wuri, ta shafin kamfanin ko ofishinsa ko wakili sananne, domin farashi na hawa yayin da rana ke matsowa, musamman Juma'a da Lahadi. Sunan da ke tikiti ya zama daidai da na katin shaida harafi da harafi. A karanta nauyin kayan da aka yarda da shi, ƙananan jirage ba su da sassauci a nan, ma'ajiyar saman kujera ma 'yar ƙarama ce, wani lokaci a gindin matakala za a karɓi jakar hannu a mayar maka in an sauka. Wuƙa, almakashi da kwalbar shito su shiga babbar jaka, batirin cajin waya kuma ya zauna a ta hannu. A isa filin da sa'a ɗaya da rabi, a yi alwala da salla kafin a shiga.

Tashin safe ya fi na yamma, iska ba ta yi zafi ba, hadari bai taso ba, jirgin bai fiye girgiza ba. Mai farfela yana da ƙara, kuma yakan yi rawa in ya shiga gajimare, wannan ba alamar matsala ba ce. Mai tsoro ya nemi kujera kusa da fiffike, a ba yaro alewa ya tsotsa lokacin sauka saboda kunne. Filin Takoradi sansanin sojan sama ne, a mayar da waya aljihu, ba a ɗaukar hoto.

Hazon hunturu yakan sa a jinkirta tashi ko a soke shi, musamman na Arewa, haka ma hadarin Mayu da Yuni. Saboda haka kada ka sa dawowarka a jirgin ƙarshe na ranar idan kana da ɗaurin aure, jarrabawa ko aiki washegari da safe. Ka bar lambar da ake samunka a tikitin don saƙon canjin lokaci ya iso ka, ka ware kuɗin mota zuwa Accra da na kwana ɗaya a masauki, ka kuma san inda tashar manyan motocin STC ko VIP take a garin kafin ka bukace ta.